Birnin Salvador Na Ƙasar Birazil: Guzurin Matafiyi Daga Jos Zuwa Inda Hausawa Suka Bar Sawu

Ran 20 ga watan Yuni, 2013, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta kara da ta Uruguay a filin wasa na Fonte Nova da ke birnin Salvador, a gaɓar tekun Atilantika ta ƙasar Birazil. An ci Nijeriya biyu da ɗaya, kuma wanda ya jefa ɗayan nan shi ne John Mikel Obi, haifaffen Jos. Bayan shekara uku, a wasannin Olamfik na 2016, shi Mikel ɗin da Aminu Umar suka lallasa ƙasar Denmark da ci biyu da nema a wannan fili. Ta wannan hanya ce sunan Salvador ya shiga kunnuwan mutane da yawa a Filato.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa daga filin wasan akwai wani dandali da ake kira Campo da Pólvora, inda aka harbe Musulmi huɗu 'yan Afirka ran 14 ga watan Mayu, 1835, saboda sun yi tawaye don fita daga ƙangin bauta. Kafin su kuma, Hausawa ne suka fara tayar wa mahukuntan birnin hankali. Saboda haka malamin jami'a da zai bar Naraguta zuwa taron ilmi a can, da ɗalibin da ya sami gurbin karatu, da ɗan kasuwa, duk za su tarar da garin yana da nisa ƙwarai, amma akwai abubuwa da dama a cikinsa da za su gane tun kallon farko. Sai dai tafiya ce da take bukatar shiri, domin kuskure ɗaya a filin jirgin sama yana iya jawo wa mutum shekaru a kurkuku.

YADDA BIRNIN YAKE

Turawan Fotugal ne suka kafa Salvador a 1549 a ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, kuma shi ne babban birnin Birazil har 1763, lokacin da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. Yanzu shi ne hedkwatar Jihar Bahiya, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanensa sun kai kimanin miliyan 2.4, akasarinsu jikokin 'yan Afirka. Harshensu Fotugisanci ne, masu jin Ingilishi kuwa ba su da yawa, ko da a otal-otal.

Tsohon garin kashi biyu ne. Akwai Birnin Sama, wato Cidade Alta, a kan wani tudu mai gangare, inda fadar gwamna da majami'u suke tun asali. Akwai kuma Birnin Ƙasa, wato Cidade Baixa, a bakin ruwa, inda tashar jiragen ruwa da kasuwanni suke. Abin da ya haɗa su shi ne wata na'urar hawa da sauka mai tsawon mita 72, ana kiranta Elevador Lacerda. An buɗe ta a 1873, kuma takan kai mutum sama ko ƙasa cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

SAWUN HAUSAWA

Bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɓarke a 1804, yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa, aka riƙa kama fursunoni daga kowane ɓangare. Da yawa daga cikinsu aka gangara da su kudu ta ƙasar Oyo, aka sayar a tashoshin Ikko da Badagry da Porto-Novo da Whydah, inda fataken Bahiya suke biya da tabar da ake nomawa a can. Cikin waɗanda aka ƙetara da su akwai manoma da mayaƙa da almajirai da malamai.

Ba su daɗe ba suka nuna halinsu. A watan Mayu na 1807 hukuma ta bankaɗo wani shiri da Hausawa suka ƙulla na ƙwace jiragen ruwa su koma gida. A watan Janairu na 1809 wasu ɗaruruwa suka gudu daga gidajen iyayengijinsu suka kai hari garin Nazaré. Ran 28 ga watan Fabrairu, 1814, suka ƙona ma'aikatun kamun kifi a Itapuã, wadda yanzu unguwa ce a cikin Salvador. Takardun shari'a na lokacin sun kira shugaban wannan tawaye da laƙabin malomi, kalmar da masana suka danganta da malam.

Tawayen da ya fi suna shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga watan Janairu, 1835, a goman ƙarshe na watan azumi. Ana kiransa tawayen Malê, daga kalmar imale ta Yarabanci, wato Musulmi. Kimanin mutum 600 ne suka fito sanye da fararen riguna da layu, akasarinsu Yarabawa, tare da Hausawa da Nufawa. Cikin malamansu akwai wani Bahaushe da ya fanshi kansa, ana ce masa Dandará, mai shagon sayar da taba, inda yake karantar da almajirai. Asiri ya tonu tun kafin lokaci ya yi, 'yan sanda suka afka wa wani gida a gangaren Ladeira da Praça, faɗa ya bazu cikin gari, har ya ƙare a gaban barikin sojan doki na Água de Meninos, inda aka kashe da dama daga cikinsu. Masanin tarihi João José Reis, ɗan Bahiya, ya rubuta littafi a kan wannan tawaye a 1986, kuma an fassara shi zuwa Ingilishi a 1993. Wanda ya sami hali ya karanta shi kafin ya tashi.

Bayan tawayen an kori 'yantattun bayi da yawa zuwa Afirka, wasu kuma suka koma don kansu. Su ne asalin Aguda na Ikko. Matafiyin da ya ratsa ta can yana iya tsayawa ya ga Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda magini daga cikin waɗannan mutane ya tsara. Birazil ta hana shigo da bayi a 1850, amma ba ta soke bautar kanta ba sai ran 13 ga watan Mayu, 1888, ita ce ta ƙarshe a duk nahiyar Amurka.

TAKARDU DA HANYA

Ɗan Nijeriya yana bukatar biza kafin ya shiga Birazil. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja ko ƙaramin ofishinta da ke Ikko. Daga Jos zuwa Abuja tafiyar sa'a huɗu zuwa biyar ce ta Akwanga da Keffi, wanda kuma ya fi son jirgi sai ya tashi daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang. Ya kamata a fara nema watanni kafin ranar tafiya, a tanadi fasfo mai sauran rai na aƙalla wata shida, da takardar gayyata ko ta kama masauki, da shaidar banki, da tikitin zuwa da dawowa. Har ila yau Birazil tana cikin ƙasashen da hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, take tantance masu zuwa, don haka sai a nemi takardarta da wuri.

Katin rigakafin ciwon shawara, wanda aka fi sani da katin nan mai ruwan ɗorawa, ya zama yana cikin fasfo koyaushe. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa sau ɗaya ta isa har iyakar rayuwa.

A shekarun 1980 kamfanin Varig na Birazil yakan yi jigila kai tsaye tsakanin Ikko da Rio, amma wannan ya zama tarihi. A watan Agusta na 2025 ƙasashen biyu sun sa hannu a kan sabuwar yarjejeniyar sufurin jiragen sama, saboda haka matafiyi ya tambayi wakilin tikiti hanyar da ta fi sauƙi a lokacin tafiyarsa. Hanyoyin da aka saba bi su ne ta Addis Ababa ko Casablanca ko Doha ko Istanbul zuwa São Paulo, daga nan a shiga jirgin cikin gida, tafiyar kimanin sa'a biyu da rabi zuwa Salvador. Akwai jirgin da yake tashi daga Lisbon kai tsaye zuwa Salvador, amma fa mai fasfon Nijeriya yana bukatar bizar ratse kafin ya sauka a filayen jiragen ƙasashen Turai na yarjejeniyar Schengen, ko da ba zai fita waje ba. Agogon Salvador yana bayan na Nijeriya da sa'a huɗu, wato idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Jos, can ƙarfe 8 ne na safe.

AMANAR JAKA

Babu gargaɗin da ya kai wannan muhimmanci. Hanyar São Paulo zuwa Afirka ta Yamma sananniya ce wajen safarar hodar iblis, kuma jami'an tsaro na ƙasashen biyu suna sa ido ƙwarai a kan masu fasfon Nijeriya. Dokar Birazil ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga mai fataucin ƙwaya, ana kuma ƙara wa'adin idan za a ƙetare iyaka da ita. A garin Itaí na Jihar São Paulo akwai kurkukun da aka keɓe wa baƙi, kuma 'yan Nijeriya sun daɗe suna cikin waɗanda suka fi yawa a ciki.

Al'adar Bahaushe ce ya karɓi saƙo ya kai, yana ganin ƙin karɓa rashin zumunci ne. A wannan hanya sai a ajiye kunya a gefe. Kada matafiyi ya karɓi ƙunshi ko takalmi ko gwangwani daga kowa, ko da mai ba shi ya gaishe shi da Hausa ya kira shi ɗan'uwa. Ya shirya jakarsa da hannunsa, ya kulle ta, ya ɗauki hotonta kafin a auna, kuma ya duba lambar da aka manna mata ta yi daidai da wadda aka ba shi. Wanda ya yi masa tayin tikiti kyauta don ya dawo masa da kaya, tarko ya ɗana masa.

Haka kuma jami'an aikin gona na Birazil suna ƙwace nama da 'ya'yan itace da iri a filin jirgi. Kilishi da ɗanyen goro da daddawa gara a bar su a gida. Wanda yake son ya riƙa wa mai masaukinsa tsaraba, aikin fata na dukawan Naraguta ya wadatar, ba shi da nauyi, kuma zai burge. Kuɗin da ya haura dala 10,000 wajibi ne a bayyana shi ga kwastan.

LOKACIN ZUWA

Salvador tana kudu da tsakiyar duniya, don haka lokutan shekara sun saɓa da na gida. Daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da hunturu yake kaɗa mutanen Jos, can zafi ake yi. Ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni. Mutumin da ya saba da sanyin tudun Filato, mai tsayin sama da mita 1,200, zai ji jikinsa yana naso dare da rana saboda laimar teku. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi dacewa, rigar sanyi kuwa sai don cikin jirgi. Ba a fama da zazzaɓin cizon sauro irin na gida a birnin, amma akwai zazzaɓin dengue, wanda sauron da yake cizo da rana yake yaɗawa, saboda haka man korar sauro yana da amfani.

A watan Fabrairu ko farkon Maris ake bikin Carnaval, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane suke cika tituna kusan mako guda suna bin manyan motocin kiɗa. Kuɗin masauki yakan ninka, ofisoshi sukan rufe, sata takan yawaita, shaye-shaye da tsiraici kuma a fili suke. Mai zuwa don karatu ko ciniki ya kauce wa wannan mako. Duk da haka ko a cikin bikin tarihi bai ɓace ba: rigar da mahalarta suke sawa sunanta abadá, sunan farar rigar da Musulmin 1835 suka sa, kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin kiɗan, Malê Debalê, wadda aka kafa a Itapuã a 1979, don tunawa da su aka raɗa mata suna.

MASAUKI, KUƊI DA ZIRGA-ZIRGA

Filin jirgin Salvador yana da nisan kimanin kilomita 28 daga tsakiyar gari. Akwai jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2014, wanda layinsa na biyu ya kai kusa da filin, amma baƙo mai kaya ya fi samun kwanciyar hankali da tasi mai rajista ko Uber. Unguwannin da baƙi suka fi sauka su ne Barra da Ondina da Rio Vermelho a bakin teku, sai Santo Antônio da Pelourinho a tsohon gari.

Kuɗin ƙasar shi ne real, wanda aka fara amfani da shi a 1994. Ba a canjin naira a can, sai a tafi da dala ko yuro, ko katin banki da aka tabbatar yana aiki a ƙasashen waje. 'Yan ƙasa sun koma biya ta waya da tsarin Pix, amma wannan yana bukatar asusun bankin Birazil. Gidajen abinci sukan ƙara kashi 10 cikin ɗari ladan masu hidima. Wutar galibin gidaje mai ƙarfin 127 ce, ramin soket ɗinsu kuma dabam yake da na Nijeriya, don haka a sayi mahaɗi tun a filin jirgi. Ruwan sha kuwa na kwalba ya fi.

'Yan kalmomi kaɗan suna buɗe ƙofa: bom dia, ina kwana, obrigado, na gode, mace kuma ta ce obrigada, quanto custa, nawa ne, água, ruwa.

ABINCI DA IBADA

A nan ne Bahaushe zai fi jin kamar yana gida. A kusan kowace mahaɗar hanya akwai mata cikin fararen kaya da ɗankwali suna tuyar acarajé, wato ƙosai da aka soya da manja, a tsaga shi a zuba miyar kuɓewa da jatan lande. Abará alale ne. Farofa garin rogo ne da aka soya. Moqueca kifi ne da aka dafa da madarar kwakwa da manja. Idan mai ƙosai ta tambaya ko ana son shi quente, barkono take nufi.

Akwai kuma abincin da har yau yake ɗauke da sunan Hausawa, wato arroz de hauçá, shinkafar Hausa. Shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi kamar tuwo, a ɗora mata busasshen naman sa da aka soya da albasa. Marubucin nan baƙar fata ɗan Bahiya, Manuel Querino, ya bayyana yadda ake yin ta a littafinsa na girke-girken Bahiya da aka buga a 1928.

Amma Musulmi ya lura, naman alade yana shiga girki da yawa. Feijoada, abincin da ƙasar take alfahari da shi, wake ne da alade, kuma ko waken yau da kullum akan jefa masa guntunsa don ɗanɗano. Kalmomin da za a kula da su a takardar abinci su ne porco da presunto da linguiça da calabresa da toucinho da banha. Sem porco na nufin ban da alade. Ko da yake Birazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Musulmi, naman da ake sayarwa a cikin gida galibi ba shi da wannan shaida, saboda haka kifi ya fi kwanciyar rai.

Musulmi 'yan kaɗan ne a birnin. Suna da cibiya a unguwar Nazaré, wato Centro Cultural Islâmico da Bahia, inda ake sallar Juma'a, kuma wani malami ɗan Nijeriya ya daɗe yana jagorantarta tun shekarun 1990. Alƙibla daga Salvador gabas ce maso arewa, kusan daidai da yadda ake fuskanta a Jos.

WURAREN DA SUKA CANCANCI GANI

Yini ɗaya ya isa a zaga tsohon gari da ƙafa. A fara da kasuwar Mercado Modelo a Birnin Ƙasa, wadda take cikin tsohon gidan kwastan, a hau Elevador Lacerda zuwa dandalin majalisar gari. A ƙarƙashin ginin majalisar ne kurkukun da 'yan tawayen 1835 suka yi yunƙurin fasawa don su fitar da malaminsu Pacífico Licutan. Ladeira da Praça tana gefensa. Daga nan a wuce Terreiro de Jesus, inda gidan tarihin Afirka da Birazil yake tun 1982, a cikin ginin makarantar likitanci ta farko a ƙasar. Sai a gangara Pelourinho, unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Gidajenta masu launi suna da ban sha'awa, amma ma'anar sunan ita ce turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala.

Mai bincike ya nemi izini tun da wuri ya ziyarci gidan adana takardu na Jihar Bahiya, inda aka ajiye rubuce-rubucen Larabci da 'yan sanda suka cire daga jikin 'yan tawayen: ayoyin Alƙur'ani da addu'o'i, da irin rubutun da duk wanda ya riƙe allo zai gane. A kasuwar São Joaquim kuma zai tarar da manja da kuɓewa da doya da goro, wanda suke kira obi, mabiya addinin gargajiya na Candomblé suna saye don ibadarsu.

TSARO DA TEKU

Salvador tana fama da fashi da ƙwace. Kada a fito da waya a tsakiyar titi, kada a sa agogo ko zobe mai tsada, kuma a bar fasfo a masauki a riƙe kwafinsa. Da dare a tsaya a titunan da suke da haske da jama'a, a guji lungunan da ke kewaye da Pelourinho da gangaren da ya haɗa sama da ƙasa. Idan ɓarawo ya tare mutum, ya ba shi abin da ya nema, domin da yawa suna ɗauke da makami. Wasu kuma sukan ɗaura wa baƙo ƙyalle mai launi a hannu su ce kyauta ce, sa'an nan su nemi kuɗi. Lambar 'yan sanda 190 ce, ta motar asibiti 192, kuma akwai ofishin 'yan sandan kula da baƙi a Pelourinho.

Teku ma abin tsoro ne ga wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato. Gaɓar Porto da Barra tana cikin lungu, ruwanta a kwance yake, amma gaɓoɓin da suke fuskantar tsakiyar teku suna da igiyar da take jan mutum ta ƙasa. Inda aka kafa jar tuta, kada a shiga.

Wajajen 1850 wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawan da ke bauta a birnin, suka ba shi labarin Kano da Katsina da Zazzau da hanyoyin da aka bi da su har bakin teku, ya buga shi a 1851. Akasarin waɗannan bayin Allah ba su sake ganin gida ba, kuma Hausa ta daina fita daga bakin jikokinsu tun farkon ƙarni na 20. Takardunsu suna nan a ajiye, shinkafarsu tana kan wuta, amma masu jin Hausa da Larabci da suka je suka duba su 'yan kaɗan ne. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda Allah ya nufa da wannan tafiya daga Naraguta, ya tsare takardunsa da jakarsa, ya kuma ware ko da sa'a ɗaya ya tsaya a Campo da Pólvora ya yi musu addu'a. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.